CIWON DASASHI: JINI A KAN ASAWAKI BA WASA BA NE

Muna gaida mutanen Sassumburum, da na Yekuwa, da Kwaya, da Bande, da Waca, da na cikin garin Magarya. Muna gaida na Dungas, da Malawa, da Guci, da Dogo-Dogo. Da fatan kowa ya zo da littafinsa da alƙalaminsa.

Darasinmu na yau a kan baki yake. Ku fara rubuta wannan kalma: dasashi. Gaɓa uku ke gare ta: da, sa, shi. Wasu su ce dadashi. Duk ɗaya ne. Dasashi shi ne naman nan da ya kewaye gindin haƙora.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, ga shi. Wata rana bayan la'asar mun tashi daga karatu, sai wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya. Ya sa hannu aljihu, ya fiddo wani abu ƙunshe a tsumma. Da ya kwance, sai ga haƙori, dogo, har da saiwarsa.

Ya ce, "Malam, duba mini. Haƙorin nan ba rami, ba baƙi, ba ɓantara. Bai taɓa yi mini ciwo ba. Jiya ina cin rogo ya fito. Me ya fidda shi?"

Na ce, "Baba, in kuna yin asawaki kuna ganin jini?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai wannan tun ina saurayi."

To, amsar tambayarsa tana cikin maganarsa. Haƙorin lafiyarsa lau. Abin da ke riƙe da shi ne ya lalace.

YADDA HAƘORI YAKE TSAYE

Ka dubi dirkar rumfa. Rabinta a waje, rabinta a cikin ƙasa. Muddin ƙasar da ke gindinta tana da ƙarfi, rumfa tana nan. In ruwan sama ya zaizaye ƙasar, ko da iccen sabo ne, sai ka ga dirka ta fara rawa. Wata rana iska kaɗan ta kayar da ita.

Haka haƙori yake. Abin da kake gani a madubi, sashen sama ne. Saiwarsa tana dashe cikin ƙashin muƙamuƙi. Akwai wasu zaruruwa ƙanana da suka ɗaure saiwar da ƙashin. Dasashi kuma ya rufe su duka, ya manne a wuyan haƙori. Babban mutum yana da haƙora 32. Yaro yana da haƙoran nono 20. Kowane ɗaya haka aka dasa shi.

Lafiyayyen dasashi yana da tauri, yana manne, ba ya jini. Launinsa kuwa ya bambanta. Na wani ja-ja ne mai haske, na wani yana da duhu ko dabbare-dabbare tun haihuwa. Wannan duhun ba ciwo ba ne, halitta ce.

ME KE KAWO CIWON?

Mutane suna cewa tsutsa ce. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce gado ne, wasu su ce tsufa. Babu tsutsa a cikin haƙori ko dasashi. Wanda ya turara maka hayaƙi ya nuna maka tsutsa a ƙwarya, kuɗinka ya ci.

Ga abin da ke faruwa. Ka sa farce ka kankari gindin haƙorinka da safe. Za ka ga wata farar dauɗa mai laushi, mai yauƙi. Wannan dauɗa ba ragowar tuwo kawai ba ce. Tarin ƙwayoyin cuta ne, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Kullum suna taruwa, a bakin kowa, mai kuɗi da talaka. Sun fi son layin nan inda haƙori ya haɗu da dasashi, da kuma tsakanin haƙora.

In ka goge su yau, shi ke nan. In ka bar su, sai su yi ta fidda dafi. Dasashi ya fusata, ya kumbura, ya yi ja, ko taɓa shi aka yi sai jini.

Mata sun san ƙanzon tukunya. In aka jiƙa tukunya tun da dare, da safe hannu ma ya wanke ta. In aka bar ta ta bushe, sai an kankare. Dauɗar haƙori ma haka take. In ta yi ƴan kwanaki ba a taɓa ta ba, sai ta fara sandarewa, ta zama kamar dutse, rawaya ko baƙa. Ka fi ganinta a bayan haƙoran gaba na ƙasa, wajen harshe. In ta kai haka, asawaki ba ya fidda ta, buroshi ba ya fidda ta. Sai ƙarfen likita.

An gwada wannan magana an gani. A shekarar 1965, a ƙasar Danmak, wani likitan haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka sami mutum 12 masu lafiyayyen baki. Suka ce musu su daina goge baki ɗungum. Tsakanin kwana 10 zuwa 21, dasashinsu duka ya kama ciwo. Sai aka ce su koma gogewa. Cikin mako guda ko makamancin haka, bakin kowa ya warke. Ba allura, ba ƙwaya. Ku riƙe wannan labari, domin shi ne gindin darasinmu.

MATAKI BIYU

Ciwon yana da mataki biyu, kuma bambancinsu babba ne.

A mataki na farko, naman sama kawai ya kamu. Za ka ga jini a kan asawaki, ko a cikin yawu, ko a jikin rake da ɗanyen mangwaro in ka gatsa. Dasashi ya yi ja, ya yi sulɓi, ya ɗan tasa. Baki ya riƙa wari. Sau da yawa babu zafi ko kaɗan, kuma wannan rashin zafin shi ke yaudarar mutane. A wannan mataki ciwon yana warkewa sarai.

A mataki na biyu, ciwon ya nutsa ƙasa. Dasashi ya saki wuyan haƙori, wani ɗan aljihu ya buɗe tsakaninsu. A lafiyayyen baki zurfin wurin nan bai wuce milimita 3 ba. In ciwo ya yi nisa sai ya kai 5, ko 6, ko fiye. Dauɗa ta shige ciki, inda asawaki ba ya kaiwa. Zaruruwan nan su tsinke, ƙashi ya riƙa narkewa a hankali, shekara da shekaru. Sai ka ga haƙora sun yi tsawo, alhali ba su ƙaru ba, naman ne ya ja baya. Sai giɓi ya fito inda da babu. Ka danna dasashi, mugunya ta fito. Ruwan randa ya riƙa tsirga maka. Haƙori ya fara girgiɗi.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: ƙashin da ya narke ba ya komawa yadda yake. Likita yana iya tsayar da ɓarnar, ya ceci haƙoran da suka rage. Amma abin da ya tafi ya tafi. Dattijon nan na ajinmu, shekara da shekaru jini yana yi masa sallama, bai amsa ba.

Kada wani ya ce wannan ciwon ƙauye ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a shekarar 2022 cewa mutum fiye da biliyan 1 a duniya suna da ciwon dasashi mai tsanani. Wato kusan mutum 1 cikin kowane manya 5.

WAƊANDA YA FI KAMAWA

Na farko, mai taba. Ko sigari, ko tabar gari da ake cusawa a leɓe da kanwa. Mai shan sigari yana cikin wani hatsari na daban: hayaƙin yana matse hanyoyin jini na dasashi, sai jinin ya ƙi fitowa. Shi yana ganin lafiya lau yake, alhali ƙashi yana ci a ƙasa. Kuma ko an yi masa magani, bakinsa ba ya saurin warkewa kamar na wanda ba ya sha.

Sai mai ciwon sukari. Sukari in ya hau, dasashi ya lalace da sauri. Dasashi in ya lalace, sukari ya yi wuyar sauka. Kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. In dasashinka yana yawan ƙurji, kana yawan ƙishirwa da fitsari, ka je a auna jininka.

Sai mace mai ciki. Ƴar'uwa, in kin ga jini a bakinki lokacin goyon ciki, kada ki tsorata, kuma kada ki daina gogewa. Sauyin jiki ne ya sa dasashinki saurin kumbura. Ki ƙara tsabta, ki gaya wa ungozoma ran awo.

Akwai kuma wasu magungunan hawan jini da na farfaɗiya da ke sa dasashi ya yi kauri. Kada ka bar shan maganinka da kanka. Ka nuna wa likitan da ya ba ka.

Goro fa? Na san za a tambaya. Goro yana rina haƙora, kuma dusarsa tana maƙalewa a tsakani. Jan goro yana ɓoye dauɗa da jini, mutum bai gani ba. Ban ce ka bar goro ba, don na san ba za ka bari ba. Amma in ka ci, ka kurkure, ka sakace.

ABIN DA ZA KA YI A GIDA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne wannan: mutum ya ga jini, sai ya ce asawaki ne ya ji masa ciwo, ya daina taɓa wurin. Ka ga ya bar wa dauɗa fili ke nan. Wurin da ke jini, shi ya fi bukatar gogewa. A hankali dai, ba da ƙarfi ba.

Asawaki abu ne mai kyau, kuma ba sai da kuɗi ba. Ga dogon yaro a ƙofar gida. Masu bincike sun gwada, sun ga asawaki yana fidda dauɗa sosai in an iya amfani da shi. Matsalar ita ce, yawancinmu tauna shi muke yi muna hira, muna goge haƙoran gaba guda huɗu da mutane ke gani. Turamen ciki kuwa, da bayan haƙora wajen harshe, ba wanda ya leƙa su.

Ka sami ɗanyen reshe mai kaurin ƙaramin yatsa. Ka wanke shi. Ka tauna bakinsa har ya yi laushi kamar gashi. Ka ɗora shi a layin da haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa sharowa daga nama zuwa bakin haƙori. Haƙori ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki, sama da ƙasa. Kada ka yi ta dirza a kwance kamar mai wankin tabarma, wannan yana cinye dasashi. In bakin asawakin ya baje, ka yanke, ka tauna sabo. Mai alwala sau biyar a yini ya riga ya sami lokacin yin wannan, saura ya kai asawakin lungu.

In kana da buroshi, ka zaɓi mai laushi. Sau 2 a yini, minti 2 kowane karo. Na dare ya fi muhimmanci, domin in mutum yana barci yawu yana raguwa, ƙwayoyin cuta su sami sarari. Man goge baki mai sinadarin fuloraid yana kare haƙori daga rami. In ka gama ka tofar, kada ka bi da ruwa nan take. Buroshi ya yi wata 3, a sake shi. Kuma kowa da nasa, ko mata da miji.

Tsakanin haƙora kuma, sakace da tsinke mai tsabta, a hankali. Ban da allura, ban da reza, ban da tsinken da ka tsinta a ƙasa.

Ruwan gishiri yana taimako. Ka tafasa ruwa, ka bar shi ya huce ya zama ɗumi. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya. Ka kurkure, ka zubar, sau 3 a yini. Amma kurkura ba ta maye gurbin gogewa.

Kada ka ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona nama. Kada ka sa ruwan batir, ko fetur, ko turare. Kanumfari yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya taɓa gindin ciwon. Gawayi da toka da yashi suna sa haƙori fari yau, suna kankare shi gobe.

Abinci ma yana da hannu. Dasashi yana bukatar bitamin C. Akwai shi a lemun tsami, da gwaiba, da mangwaro, da ɗanyen tumatir, da ganyen zogale, da garin ƴaƴan kuka. Duk ana samunsu a kasuwanninmu, kowanne da lokacinsa.

In ka yi duk wannan mako 2 cur, jini bai tsaya ba, to ka tafi gidan likita. Haka in haƙori yana girgiɗi, ko akwai mugunya, ko dutsen nan ya taru. Likitan haƙori zai kankare shi, sama da ƙarƙashin dasashi. Wasu suna cewa kankarewar nan ita ke sa haƙori rawa. A'a. Ƙashin ya riga ya tafi, dutsen ne ya cike gurbin ya ɓoye ɓarnar. In aikin ya fi ƙarfin asibitin kusa, za a tura ka Magarya, ko babban asibitin Damagaram. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, likita ne zai ce ko ana bukata. Kada ka saya a tire ka sha biyu ka bari. In kunci ya kumbura da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, wannan ba na jiran mako 2 ba ne. Ranar za ka tafi.

YANZU MAGANAR YARA

Iyaye mata, ku matso kusa da rediyo. Duk abin da na faɗa a baya, ciwo ne mai tafiyar hawainiya, ƙarshensa asarar haƙori. Wanda zan faɗa yanzu, gudu yake yi, kuma yana kashewa.

Likitoci suna kiransa noma. Ba noman gona ba. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta cinyewa. A wasu wurare ana ce masa ciwon iska, wasu su ce ciwon daji. Ba iska ba ce, ba maita ba ce, ba sammu ba ne. Kuma ba a ɗaukarsa daga wani yaro zuwa wani. Daga dasashi yake farawa.

Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, wato daga yaye zuwa sama. Yaron da tamowa ta raunana, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro, ko zawo ba. Jikinsa ba shi da ƙarfin faɗa da ƙwayoyin cutar da ke bakinsa.

Ga yadda yake tafiya. Da fari dasashi ya yi ja yana jini. Sai gyambo ya fito a kansa, mai fari-fari ko toka-toka, mai zafi. Bakin yaro ya yi wani irin wari mai ƙarfi, kamar na ruɓaɓɓen nama. Ya riƙa dalalar da yawu, ya ƙi abinci. Sai kunci ko leɓe ya kumbura. Bayan ƴan kwanaki, baƙin tabo ya fito a kan kumburin. Naman wurin ya mutu ke nan. Ya faɗi, ya bar rami a fuska. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako 1 ko 2. In ba a yi magani ba, cikin yara 10 har 9 suna iya mutuwa. Wanda ya rayu, sau da yawa muƙamuƙinsa yana ɗaurewa, ci da magana su yi masa wuya.

Amma ku ji wannan da kyau. In aka kai yaro tun yana matakin gyambo ko farkon kumburi, maganin ba mai wuya ba ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Yaro ya warke, fuskarsa ba ko tabo. Kwana biyu da za a ɓata ana turare da shafe-shafe, su ne ke raba yaro da fuskarsa.

Wannan ciwo ba labarin nesa ba ne. A nan jiharmu ta Damagaram aka yi ɗaya daga cikin manyan bincike a kansa. Daga 2001 zuwa 2006, likitoci daga birnin Janeba na ƙasar Suwis suka duba yara 82 masu noma, suka gwada su da yara 327 da ba su da shi. An buga sakamakon a 2013. Sun ga ciwon ya fi kama yaron da tamowa ta tsumburar, da wanda ya yi zazzaɓi ko zawo ko ciwon ƙirji a watannin baya, da wanda uwarsa ta yi ciki da yawa. Har sun lura ya fi yawa a gidan da babu kaji. Ba kazar ce magani ba. A ganina, gidan da ke da kaji yana da ƙwai, yana da abin sayarwa ran da yaro ya kwanta.

Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta fara aikin noma a Nijar a 1992, ta buɗe cibiyar kula da yaran a birnin Damagaram. A Sakkwato ta Najeriya an buɗe asibitin noma a 1999, inda ake gyaran fuska. A watan Disamba na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci ƙasashe wajen neman haka. Gyaran fuska aiki ne mai tsawo, wani yaron sai an yi masa tiyata sau da yawa. Gara a tare tun a dasashi.

Mun san lokacin da tamowa ke yawa a ƙasar Magarya da Dungas: damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, sauro kuma ya yi yawa. A wannan lokaci ne ya kamata a fi sa ido. Tun 2006 gwamnati ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. Maigida, kada ka ce a jira ranar kasuwa.

Kariyar yaro ita ce nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da ba shi har shekara 2 tare da abinci. Kada a yi yaye na farat ɗaya. A sa ƙuli-ƙuli, ko wake, ko ƙwai, ko madara a kununsa. A yi masa allurar ƙyanda. Ya kwana a gidan sauro. Tun haƙorin farko ya fito, uwa ta naɗe tsumma mai tsabta a yatsa, ta jiƙa da tafasasshen ruwa, ta goge masa dasashi safe da dare. Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau shi kaɗai sai ya kai wajen shekara 7. Kafin nan aikin babba ne. Ko yaro ba shi da lafiya, kada a daina. Lokacin ne ma ya fi bukata.

AIKIN GIDA

Gobe da safe, in rana ta fito, kowa ya wanke hannu da sabulu. Ka zaunar da yaranka ɗaya bayan ɗaya suna fuskantar haske. Ka ɗaga leɓen sama, ka ja na ƙasa, ka duba cikin kunci. Ka sansana bakin. Sa'an nan ka ɗauki madubi ka duba naka.

A littafinka ka ja layi uku. A na farko ka rubuta sunan kowane yaro. A na biyu ka rubuta shekarunsa da lamba. A na uku ka rubuta abin da ka gani: lafiya, ko jini, ko gyambo, ko wari. Wanda ka rubuta wa jini, a fara goge masa yau, a sake dubawa bayan kwana 3. Wanda ka rubuta wa gyambo ko wari ko kumburi, kada ka jira ranar karatu ka nuna wa malami. Ka rufe littafin, ka saɓa yaron, ku tafi gidan likita.

Sauran kuma ku zo da littattafanku aji, mu karanta tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.